Mai Wankin Bariki

Shekara shida ya yi ba ya nan. Da ya dawo ya tarar an sare bishiyar bakin kasuwa, wai tana tara mutane. Rumfar mai shayi babu benci, don doka ta hana mutum biyar zama wuri ɗaya. Gidan rediyo a rufe. A gida kuwa, ɗakin Auta da kwaɗo.

Auta ƙaninsa ne, malamin firamare. Ranar da malamai suka fito neman a sako shugabansu, masu kaki da baƙin ƙyalle a fuska suka tare su a kan gada. Gwamnati ta ce ko kaza ba ta mutu ba. Unguwarsu kaɗai gawa tara ta binne, har da ta Auta.

A can ƙasar wajen da yake zaune akwai lauyoyi masu tattara shaida. Ya je musu da hoton Auta, suka ce hoto kam sun tara da yawa, sunayen masu harbin suke nema. Saboda haka da mahaifinsa ya aiko masa cewa ya zo ko na mako biyu ne, bai yi wata-wata ba. Ya bi gida-gida yana tambaya. Amsar ɗaya ce: wa ya ga fuska?

Mutanen gari ba su da bindiga, sai suka yi faɗa da abin da ke hannunsu. Mahauci ya daina kai wa bariki nama. Mai aski in ya hango kaki sai askarsa ta ɓata. Direbobin haya su wuce su da mota wayam. An kama, an yi bulala, an garƙame shaguna. Washegari aka ɗora daga inda aka tsaya.

Mutum ɗaya ne bai shiga ba: Baba Mai Wanki, mahaifinsa.

Kullum da hantsi tsohon zai tura amalanke zuwa bariki, ya dawo da ƙullin kaya, kowane da sunan mai shi. Ya zauna ya ɗinka alamar zare a kan komai don kada su cakuɗe, daga riga har hankici. Kafin ya jiƙa sai ya shimfiɗa kowace riga a rana, ya daɗe yana juya ta. Bai yarda kowa ya taɓa masa kayan ba, ko Inna. Duk ranar da aka yi tarzoma, washegari ya fi kowa sammako.

"A'a, Sarkin Yawo, saukar yaushe?" in ji mai shayi, yana miƙa masa kofi a tsaye. "Ka gaida mana tsohonka. Ka ce a ƙara sitati, kada manyanmu su yi harbi da riga a yamutse."

Aka yi dariya, amma ba irin mai daɗi ba. Ya ajiye kofin bai kurɓa ba.

Ya samu Baba a bakin tebur, dutsen guga na huci.

"Baba, hannun da ya sa Auta a ƙasa, shi ke goge musu kaya?"

"Ina wanki tun ba a haife ka ba. Matsa, ka tare mini haske."

"Gari kaf an juya musu baya, sai mu! Ko gaisuwa ba a amsa wa Inna a layi."

Tsohon ya yayyafa ruwa, ya danna dutsen. "Yaushe za ka koma?"

Wannan ce ta fi ƙona masa rai. Shi ya kira shi, shi kuma ke korarsa.

Ranar Laraba aka kama mahauci. Kafin azahar kasuwa ta watse da kanta, mutane suka cika titi ba kuwwa ba allo, tafiya kawai. Sarkin Yawo na sahun gaba. Ya samu rabonsa na kulki a kafaɗa, ya dawo ido jawur da barkonon tsohuwa, amma tun da ya sauka bai ji numfashinsa ya sake kamar ranar ba. Da safe ya ji ƙarar amalanke na fita. Ya tashi ya jawo jakarsa.

Da tsohon ya dawo sai ya miƙa masa takarda mai hatimi. Babban hafsa ne ya rubuta: ɗan mai wankinmu ne, kada a tsare shi, kada a bincike shi. Sarkin Yawo ya ɗaga zai yaga, Inna ta riƙe masa hannu gam.

"Shinge goma sha ɗaya ne tsakaninka da iyaka," ta ce. "Ka yi zuciyarka bayan ka tsallake."

Baba ya shigo da rigunansa shida a goge, ya ajiye a kan katifa. "Kada ka ba wani ya wanke maka su," ya ce, ya fita tura gawayi a dutse.

Sarkin Yawo ya fara cusa su a jaka da ƙarfi, da gangan, don su yamutse. Wuyan ta uku ya yi ƙaras a hannunsa, ƙarar da ba ta sitati ba. Ya duba. An farke ɗinkin an mayar da zare mai kama. Ya sa haƙori ya ja.

Siririyar takarda ce, cike da rubutun Baba ƙanana-ƙanana: sunan kowane mai kaki, da lambarsa, da ranar da rigarsa da baƙin ƙyallensa suka zo wanki da jini, tun daga washegarin ranar gada har zuwa safiyar yau.