Manomin Da Ya Ɓoye Buhunan Shinkafarsa

Na ji ka ce in malamin gona ya zo ba za ka faɗa masa gaskiyar abin da ka noma ba. To zauna ka ji, don wallahi wannan wayon namu ya ishe ni. An yi wani manomin shinkafa a fadamarmu, filinsa na bakin magudanar ruwa, inda ruwan rani ke fara shiga. Hannunsa da albarka: eka ɗaya, taki buhu biyu, ya kwashi buhu talatin na shanshera, wato shinkafa da ɓawonta. Sai ƙungiyar masu noman rani ta turo malamin gona ya auna abin da kowa ya zuba da abin da ya kwasa. Aka faɗa a fili cewa wanda ya fi cin moriyar ruwa shi zai zauna a bakin magudana, mai ɓarnar ruwa kuma a mayar da shi can ƙarshe, inda sai ƙasa ta tsage kafin ruwa ya leƙo. Mutumin naka ya ji da kunnensa, amma ya ce shi ba yaro ba ne, daga tambaya sai haraji, ga kuma bakin mutane. Ya ɗora buhu ashirin a amalanke ya kai gidan surukinsa. Da malamin ya zo, ya langaɓe kai ya ce, "Bana dai sai godiya, tsuntsaye sun gama da mu." Malam ya ƙirga goma, ya rubuta goma.

Abin takaicin, malamin gida-gida yake bi. Ya isa gidan surukin, mutumin da ko ciyawar gonarsa ba ya cirewa, ya tarar da buhu ashirin a kan nasa takwas. Ya yi ta yaba masa, suruki kuwa ya ce alhamdu lillahi, ya bar shi ya rubuta ashirin da takwas. Ranar rabon filaye aka ba suruki bakin magudana, gwanin naka kuwa aka tura shi can ƙarshe. Ya tashi yana rantsuwa buhunan nasa ne, aka tambaye shi ina tsuntsayen da suka cinye. Buhunansa dai ya karɓo, fili kuwa ya tafi, kuma shekara uku ke nan yana kwasar goman da ya faɗa da bakinsa. Ni haushinsa nake ji, ba tausayi ba. Ka je ka faɗi naka daidai, kada a ce da kai an yi gudun gara, an tad da zago.