Shukar Laima

Yashin da ke cikin gwangwanin a jiƙe yake, kwana biyar ke nan a jere. Habsu ta tsoma yatsa ta sansana, ba ta ji warin komai ba. Wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali.

Ba shuka ba ce mai shan ruwa. Da lokotoron bariki, wato likitan Turawa, zai bar Gure aka yi gwanjon tarkacen matarsa, Habsu ta kwaso abin da kowa ya tsallake: gwangwanayen biskit huɗu, butar shayi marar hanci, da wata koriyar laima da iska ta karya. Tun tana yi wa Madam wanki ta ga furen ƙyalle a jikin hularta, abin ya zauna mata a rai. Sai ta zare ƙarafan laimar ta mai da su kara, ta yanyanka ƙyallen ya zama ganye, ta ɗaure da zare, ta kakkafa cikin yashin da ta zuba a gwangwanayen da butar. Gwangwanayen ta dirje su da toka har suna ɗaukar ido, ta jera su a ƙofar ɗakinta ƙarƙashin rumfa. A tsakiyar rani, duk unguwar nan kaɗai ake ganin kore. Mata suka yi ta zuwa kallo, tana hana su taɓawa.

Mijinta Aisami, maɗinkin da ke yi wa gardin kumandan, dogaran Baturen mulki, kaki, yana Damagaram sayen yadi lokacin da ta yi aikin. Da ya dawo ya tsaya daga nesa, ya ce "Madalla," ya wuce.

Dama ya sauya tun kafin nan. In tana magana ba ya duban fuskarta, sai ya karkatar da kai gefe. Ranar kasuwa sun yi kiciɓis a layin masu kanwa, ya wuce ta kamar bai taɓa saninta ba. Zanen da ya yi alkawarin ɗinke mata bakinsa tun Sallar Layya yana nan a naɗe. Sau biyu kuma ya hau jaki zuwa Bune wurin wani malami, bai ce mata uffan ba. A bakin matan rijiya ta ji.

Ya Kaka, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta leƙa gwangwanin ta tafa hannu.

"Ke 'yar nan, wa ke ba ƙyalle ruwa in ba da wata manufa ba? Rubutu ne wannan. Haka aka yi wa ɗiyar ƙanwata kurciya a Gidigir. Ta fita ɗiban itace, har yau muna jira."

"Haba Ya Kaka, wa zai yi mini haka?"

"Wa ke gida in kin tafi rijiya? Akuya?"

Tunanin Habsu ya koma kan Aisami. Shekara goma sha biyu da aure ba ta haifa masa ko ɗaya ba, bai kuma taɓa goranta mata ba. Yanzu ta fara tunanin ashe tarawa yake yi. Mutum mai kunya irinsa bakinsa ba zai iya furta saki ba, sai dai ya sa ta fita da ƙafarta.

Tsatsa ta fara hawa ƙarafan, korin ganyen ƙasa ya zuba cikin yashi. Habsu ta daina shan ruwan randa sai wanda ta ɗebo da hannunta. Ta ɗaure zannuwanta ta tusa ƙarƙashin gado. Ayarin da zai bi ta Gamu, garin iyayenta, jibi zai tashi. Gara ta tafi da hankalinta inda ta sani, da a kaɗa ta daji ba ta san gabas ba. Abu ɗaya ya rage: tana son ta gani da idonta.

Washegari da hantsi ta ɗauki tulu, ta yi masa sallama a zaure kamar kullum. Ta aje tulun a gidan Ya Kaka, ta tuɓe takalmi, ta zagayo ta ɓarakar danga, ta laɓe bayan rumbu.

Keken ɗinkin shiru. Sai a lokacin ta lura ta kwana biyu ba ta ji ƙararsa ba.

Can sai ga Aisami, buta a hannu, yana tafe sannu-sannu kamar ɓarawo, ɗaya hannun na shafar bango. Ya durƙusa gaban gwangwanayen. Habsu ta zuba ido tana jiran ya ciro laya, ko ya tofa wani abu. Bai yi ko ɗaya ba. Kurɓar ruwan butar ya yi da kansa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsiyaya musu kaɗan-kaɗan, har da butar shayin.

"Ku sha," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ta sha wahalar shuka ku, ga ɗawainiyar rijiya. Kada ku bushe mata."

Kan Habsu ya ɗaure. Ba'a yake yi mata? Ko ya san tana nan? Haushi ya ɗebe ta, ta fito fili ta tsaya a gabansa, taku uku tsakaninsu, rana na dukan fuskarta. Ta tsaya tana jiran kunya ta kama shi. Mundayen hannunta suka yi ƙara.

Aisami ya ɗago kai. Ya dube ta sosai, ido a buɗe, ya daɗe yana dubanta.

"Wane ne nan?" ya ce. "In Habsu ake nema, ta tafi rijiya."