Ƙafar Ɗanasabe da Ruwan da Aka Hana Shi

Tun da babur ya kayar da Ɗanasabe a hanyar Mahuta, da buhunan masara a bayansa, ƙafarsa ta dama ta daina ɗaukarsa. An yi masa aiki a cinya, ƙashi ya haɗe, amma da ya taka ƙasa sai ya ƙwalla ƙara ya zube.

Matarsa Ladidi ta kai shi wajen masu gashin ƙashi a asibiti. Ma'aikaciyar, Salome, ta nuna musu wani kwami cike da ruwan ɗumi.

"Malam, ka san guga a rijiya," in ji ta. "Yana cikin ruwa ba shi da nauyi, sai ya fito hannu ke jin jiki. Haka kai ma. Ruwa zai ɗauke maka nauyinka, ƙafar ta koyi tafiya ba azaba."

Aka shigar da shi, ruwa iya ƙirji. Ya taka. Ya sake takawa. Ladidi ta toshe baki da gyale don kada kukanta ya fito.

Da labari ya kai kunnen wansa Murtala, sai ya faɗo gidan ko sallama ba cikakkiya.

"Ke Ladidi, kanki ɗaya? Ƙashin da ya karye za ku tsoma a ruwa? Shi tarwaɗa ne? In sanyi ya shige shi, ke za ki cire?"

"Yaya, ruwan ɗumi ne fa. Da idona na ga ya taka."

"Idonki! Mu wuta muka gada, da ita ake gasa karaya."

Ɗanasabe bai taɓa musu da wansa ba. Aka kwantar da shi a ɗaki, aka lulluɓe ƙafar, aka ajiye kaskon garwashi. Ko wanka sai da tsumma, wai kada ruwa ya taɓa wurin. In ya ce zai motsa, a ce kul.

Rani ya wuce a haka. Gwiwa ta sandare a lanƙwashe, cinya ta tsotse kamar karan dawa. Da Ladidi ta faki ido ta mayar da shi asibiti, Salome ta gwada miƙe ƙafar, ta ƙi.

"Haba baiwar Allah, ina kuka shiga? Gaɓar ta riga ta ƙage. Da kun ci gaba da zuwa, da yanzu da ƙafarsa zai shigo."

Bana da damina ta sauka, Ɗanasabe yana zaune gindin ɗorawa, sanda a gefensa, yana kallon shanun Murtala suna huɗa a gonar shi Ɗanasaben.

"Sai haƙuri, ƙaddara ce," in ji Murtala.

Ladidi ta dire tulun da ke kanta. "Ƙaddara ta karya shi, Yaya. Amma kai ka zaunar da shi."

Jama'a, motsa jiki cikin ruwa bisa kulawar masana, magani ne, ba sanyi yake sakawa ba. Wanda bai san abu ba ya tambaya, kada ya yanke hukunci a kan ƙafar da ba tasa ba.