Yau Dai Kin Sha

"Makircin masu gandu ne!" in ji dattijon, yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon ganyen mate, shayin yankinsu. "Shekara ashirin jagoranmu yana ƙwato wa manoman lardin Misiones filaye, sai yanzu za a ce yana lalubar mata?"

"Mata uku fa, kawu," wani ya ce.

"Ko talatin ne!"

Ƙoƙon ya zaga, kowa na zuƙa ta bututu ɗaya. Da ya iso kan 'yarsa, sakatariyar ƙungiyar manoman, ta shanye tas.

"Yau dai kin sha," in ji dattijon.

"Yau bakin jagoran bai taɓa ba, Baba."

Shekara guda tana ƙin ƙoƙon, uban yana tsawata mata a gaban jagoran. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ajiye butar.