Cokalin Kofur Pyo

Sau uku na'urar tantance zanen yatsa tana ƙin karɓar yatsan tsohon. Madam Seol ba ta yi mamaki ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana riƙe da gidan tsoffin sojoji da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Daejeon, ta san aikin siminti da tsintar kwali ba sa barin zane a yatsa.

"Ƙyale ta, 'yata," in ji tsohon, yana gyara hularsa mai tambarin yaƙin Biyetnam. "Yatsun nan sun riga ni yin ritaya."

Takardunsa sun ce Kofur Pyo Man-sik, ɗan shekara saba'in da takwas. Kusa da shi wani tsohon ne zaune yana kallon bango, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Ƙanena ne Man-gu, in ji mai hular, ciwon mantuwa ya cinye shi. Su biyun suna kwana a wani ɗan akurkin ɗaki a layin da za a rushe ranar Juma'a. Yau kuwa Laraba.

Ɗaki ɗaya ya rage a gidan, na tara, mutum goma sha huɗu na jiran sa. Dokar kuwa ba ta da kunne. Ana ba tsohon sojan da ke iya kula da kansa, kuma yana iya shigowa da ɗan'uwa ɗaya da ke hannunsa. Sojan da hankalinsa ya gushe, asibitin kwanciya ake kai shi can kudu, shi kaɗai, ba mai bin sa. Madam Seol ta sha sa hannu a irin wannan takarda, kuma ko sau ɗaya ba ta yi da daɗin rai ba. Mahaifinta ma a can ya ƙare, wata huɗu bayan an kai shi.

Ta tambayi lambarsa ta soja. Ya zubo ta tiryan-tiryan kamar mai ba da hadda, leɓunan ƙanen suna motsi tare da nasa. Daga nan sai labarin daji, da ruwan sama, da jirgin ruwan da ya kwashe su daga Busan. Ta saba da tsoffin sojoji, sai ka yi ta lallami kafin su ce uffan a kan yaƙi. Wannan kuwa bakinsa ba birki. Ta ce a ranta, yunwar masauki tana sa bebe magana.

Ta kai su ganin ɗakin. Mai hula ya tsaya yana shafa daɓen da ake ɗumamawa ta ƙarƙashi da tafin hannu, idonsa ya kawo ruwa. Ƙanen ya wuce kai tsaye wajen bargon da aka yar a kan gado, ya ninke shi, ya fitar masa da kusurwa huɗu kamar bulo.

"Ni na koya masa," mai hula ya yi saurin cewa. "Na sha fama kafin ta zauna."

Hankalinta bai kwanta ba, ta kuma rasa dalili. A watan jiya masu bincike suka kama takardar ƙarya a wani gida irin wannan, shugabar gidan ta kwashe kayanta a kwali ta tafi. Madam Seol na da shekara biyu ta yi ritaya, ba ta son ta bi sahu.

Sha biyu ta buga, ta zaunar da su a ɗakin cin abinci, ta zauna gabansu. Shinkafa, miyar waken soya, kabeji mai tsami da yaji da suke kira kimchi, da ɗan soyayyen kifi. Da ganin mai hula ka san tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Amma bai taɓa cokalinsa ba. Ƙanen ya ƙura wa kwanon ido kamar bai san abin da ake yi da shi ba. Tururin miya ya ragu, ya ɗauke.

"Baba, miyarka ta huce."

"Dama ba na son zafi, 'yata."

Ya ɗauki cokalin ɗan'uwan, ya sa masa a hannu da hannu biyu, ya jira. Sai da cokalin nan ya shiga miya ya kai baki, sannan ya ɗauki nasa ya far wa shinkafar kamar za a ƙwace.

Madam Seol ta ajiye tsinkayen cin abincinta. Mai hula ya ɗago, suka haɗa ido, ya dakata da ci. Mutum na iya haddace lamba, ya haddace labari, ya ari hula. Abin da uwa ta koya masa a gaban kwano tun yana rarrafe, wannan ba ya fita: ƙarami ba ya ɗaga cokali sai babba ya ɗaga. Ashe mai hula ne ƙanen, mai mantuwar shi ne sojan.

Suka koma ofis. Takarda biyu ne a gabanta, ta ɗaki na tara da ta asibitin kudu. Mai hula ya tsaya ya sunkuyar da kai, ya riƙe hannun rigar ɗan'uwansa da yatsu biyu. Ta tuna mahaifinta a bakin tagar motar da ta tafi da shi. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Duk da haka ta jawo hatimi, ta danna a kan ta ɗaki na tara.

Mai hula ya miƙo hannu zai karɓi makulli. Ta wuce shi, ta tsaya gaban tsohon da ke kallon bango, ta rusuna, ta miƙa da hannu biyu.

"Barka da zuwa gida, Kofur Pyo," ta ce, tsohon da bai san yau wace rana ba ya haɗa dugadugansa, ya ƙame, ya sara mata.