Hannuna Bai Kai Kunne Ba

Shekarar da manya suka jefa ƙuri'ar Najeriya ko Kamaru, Inna ta riƙo ni daga Kolere zuwa makarantar elementare. Lokacin ba a tambayar shekarun yaro. Sai ki ɗora hannun dama ta saman kai ki kamo kunnen hagu. In kin kamo, kin isa shiga aji.

A teburin malam akwai littafi a buɗe. An zana dorina, ƙatuwar gaske, ta ɗaura zanen da bai rufe rabinta ba, tana tiƙar rawa abinta, ko a jikinta. Ina ta kallonta ina dariya har layi ya zo kaina.

Na miƙa hannu, na ƙara miƙawa. Yatsuna suka tsaya nesa da kunne.

Inna ta ce, "Malam, tun bara ta yi famfara fa. Ita ke goyon ƙannenta."

Ya ce, "Baiwar Allah, ba laifin hannun ba ne. Wane hannu zai zagaye wannan kabewa? Ku dawo baɗi."

Yara suka kwashe da dariya, har da iyayensu.

Yanzu 'yata za ta shiga makaranta, kuma kaina ta ɗauko sak. Jiya ban ankara ba sai ga ni ina jan hannunta ta saman kai, har ta ce, "Mama, zafi!" Na sake ta. Da irin kan nan Inna ta ɗauko itace daga dutse ta ciyar da mu. Wa ya ba malam mudun awon 'ya'yan mutane?