Ba a Haifi Inna Yalwa Ba Tukuna

Inna Yalwa, kakar babana, ta rasu da hantsi, ranar da ta cika shekara ɗari da ashirin da takwas. Tunda allurar tsawon rai ta zo, ba mai mamakin irin waɗannan shekaru. Aka yi mata sutura da salla, muka ɗauki makara.

Ƙofar maƙabarta ba ta buɗewa sai an karanta munduwar da hukuma ta sa wa kowa a hannu. Mai gadi, Baba Tanimu, ya kara na'urarsa a kan likkafani. Ta yi ƙara, ƙofa ba ta motsa ba.

"Shekarunta nawa?"

Baffa Barau ya faɗa masa.

"Kash! Da jiya ta rasu da kun shiga." Ya juyo mana da allon, muka ga −128. "Ƙidayar na'urar a ɗari da ashirin da bakwai ta ƙare. An ƙara ɗaya, sai ta juye baya. A wajenta ba a haifi wannan baiwar Allah ba tukuna."

"Baba, ita fa ta yanke mini cibiya," in ji Baffa.

"Na sani, ɗana. Ba ni ke buɗewa ba."

Na canja kafaɗa. Makarar ba ta da nauyi, rana ce dai ta yi.

"To yaushe za ta buɗe?" na tambaya.

"Lambar tana matsowa duk shekara. Sai ta kai sifili."

Ya ara mana diga da shebur, ya nuna bayan katanga. Na zaci fili za mu tarar. Layi huɗu ne na kaburbura, dalbejiyar da aka shuka musu har ta fara inuwa.